Na haddace haruffan Tibet ta bidiyo amma ban iya karanta kalma ba: ina matsalar take?

Wani ɗalibi da ke karatun haɗa magunguna a Maisur, kudancin Indiya, ya aiko da tambaya. A ajinsu akwai 'yan Tibet da suka taso a Bailakupe, matsugunin da aka kafa wa 'yan gudun hijirarsu a jihar Karnataka tun farkon shekarun 1960, kuma zama da su ya sa masa sha'awar harshensu. Wata uku ke nan yana bin darussa a YouTube. Baƙaƙe talatin sun zauna masa, wasula huɗu ma haka. Amma da ya ɗauko kalma sai ta ƙi karantuwa: gaisuwar da kowa ke cewa "tashi delek" ya tarar an rubuta ta bkra shis bde legs. Ga kuma harafi na uku, wani malami ya ce "ga", wani ya ce "kha". Yana so ya san ko bidiyon ne ba su da kyau, ko kuwa shi ne kansa bai ɗauka ba.

Ƙanena, kanka lafiya lau, kuma yawancin malaman da ka saurara gaskiya suka faɗa maka. Inda ka tsaya nan ne kusan duk mai koyon wannan rubutu ke tsayawa, ni ma a nan na daɗe. Abin da ba a gaya maka tun farko ba shi ne, rubutun da ke gabanka yana ɗauke da maganar mutanen da suka rayu shekara dubu da ɗoriya da suka wuce. A ƙarni na 7, zamanin Sarki Songtsen Gampo, aka tsara shi bisa samfurin rubuce-rubucen Indiya, kuma tarihin 'yan Tibet yana danganta aikin ga wazirinsa Thonmi Sambhota. A farkon ƙarni na 9 aka yi wa ƙa'idar rubutun gyara, daga nan kuwa ta tsaya kusan cik. Dutsen Zhol da ke gaban fadar Potala a Lhasa an sassaƙa rubutunsa a shekarun 760, kuma wanda ya iya rubutun yau zai gane haruffan da ke jikinsa. Baki kuwa bai tsaya ba. Mutanen Lhasa sun yi ta zubar da baƙaƙen da ke cunkushe a farkon gaɓa da ƙarshenta, har kalmar da ake rubutawa skad, wato harshe ko murya, ta koma "kä" a bakinsu. Ka je Ladak a arewacin Indiya, za ka ji har yau suna cewa "skat". Su da mutanen Baltistan na Fakistan sun riƙe da yawa daga abin da Lhasa ta yar.

To amma haruffan da aka daina furtawa ba su tafi hannu rabbana ba. Kowanne ya bar sawunsa a kan gaɓar: wani ya ɗaga karin sauti, wato hawa da saukar murya, wani ya cire hucin iska daga baƙi, wani ya karkatar da wasali. Karatun Tibet shi ne iya bin wannan sawu. Bidiyon "koyi haruffa cikin minti ashirin" suna kai ka bakin ƙofa ne su juya, shi ya sa ka ga kamar ka gama alhali yanzu za a fara.

Kafin mu shiga ciki, sai ka yanke shawara guda, don ita ce za ta raba ka da ruɗanin "ga" da "kha". Abin da ake kira harshen Tibet kare-kare ne da yawa masu rubutu ɗaya, manyansu uku: na Ü-Tsang, inda Lhasa da Shigatse suke, da na Kham a gabas, da na Amdo a arewa maso gabas. Makiyayin Amdo da ɗan birnin Lhasa za su karanta takarda ɗaya, amma idan kowa ya saki bakin garinsu da ƙyar su fahimci juna. Amdo ba ta da karin sauti ko kaɗan. Malamin da ya ce maka "kha" da murya ƙasa, furucin Lhasa ya ba ka. Wanda ya ce "ga" wataƙila ɗan wani yanki ne, ko yana sauƙaƙa wa 'yan koyo, ko kuma yana koyar da karatun littattafan addinin Buda yadda ya karɓa daga malamansa, waɗanda da yawansu mutanen Kham ne. Tunda abokanka 'yan Bailakupe ne, abin da suke yi shi ne harshen gama-gari na mazauna Indiya da Nepal, wanda ginshiƙinsa karin Ü-Tsang ne, sai ɗan gauraye da kalmomin Hindi da Turanci. Saboda haka nemi bidiyon da suka bayyana cewa karin Lhasa ko na tsakiyar Tibet suke koyarwa. Ka zaɓi malami ɗaya wanda harshen uwarsa ne, ka bi shi shi kaɗai na tsawon wata biyu ko uku. Sauran ka ajiye su. Ba raina su na yi ba, kunnen da bai kafu ba ne ba ya ɗaukar murya biyar lokaci guda. Bidiyon da aka yi don masu son rera addu'o'in Buda kuwa ba su ne buƙatarka ba, domin harshen littafi suke koyarwa, wanda nahawunsa da kalmominsa suka bambanta da na hira. Harshen kuma ba na mabiya addini ɗaya ba ne: a Lhasa akwai tsohuwar al'ummar Musulmi da ake kira Khace, masu masallatansu, waɗanda Tibetanci ne harshen gidansu.

Yanzu ga baƙaƙen. An jera su huɗu-huɗu, kuma jerin nan darasi ne da kansa. Layi na farko ཀ ཁ ག ང, na biyu ཅ ཆ ཇ ཉ, na uku ཏ ཐ ད ན, na huɗu པ ཕ བ མ. Kowane layi wurin furuci ɗaya ne a baki, daga hanɗa a gangaro zuwa leɓɓa. Ka bar kallonsu a kwance, ka dube su a tsaye. Na farkon kowane layi murya sama, babu hucin iska. Na biyu murya sama, da huci. Na uku, a bakin Lhasa, murya ƙasa da huci. Na huɗu ɗan hanci ne, murya ƙasa. Ashe ཁ da ག duk "kha" ne, karin sauti kaɗai ya raba su. Idan wannan ya zauna maka, rabin rigimar ta ƙare.

A nan ne nake so ka san alherin da Hausa ta yi maka. Bature ko Balarabe da ke koyon Tibetanci sai ya yi watanni kafin kunnensa ya yarda cewa hawa da saukar murya na iya canza ma'ana. Kai kuwa da shi aka yaye ka. Ba ka taɓa rikita kukan yaro da miyar kuka ba, ko wuyan riga da wuyar aiki, ko da yake boko bai sa musu wata alama ba. Wannan kunnen za ka kai. ས "sa" da murya sama ƙasa ce, wadda ake takawa. ཟ "sa" da murya ƙasa shi ne ci. ང "nga" da murya ƙasa na nufin ni. ལྔ "nga" da murya sama biyar ne. Ka lura da na ƙarshen nan: ལ da aka ɗora a kan ང ba a furta shi, aikinsa kawai ya ɗaga muryar. Ga sawun da na ce maka.

Sai dai akwai wurare biyu da karin sautin Lhasa ya saɓa wa namu, kuma ban taɓa ganin bidiyon da ya yi wa Bahaushe bayaninsu ba, don ba da mu aka yi su ba. Na ɗaya, a Hausa kowace gaɓa da nata karin, a Lhasa kuwa gaɓar farko ce ke riƙe da bambancin, ta biyu takan bi tsarin kalmar ne ko da wane harafi aka rubuta ta. Kada ka wahalar da kanka kana ba kowace gaɓa karin da harafinta ya nuna. Na biyu, abin da ake kira karin ƙasa a kalma mai gaɓa ɗaya ba a kwance yake ba, daga ƙasa yake farawa ya ɗan taso. Hausa tana da sama, tana da ƙasa, tana da faɗau kamar a "kai" na jiki, amma ba ta da mai tasowa a gaɓa guda. Bakinka zai so ya miƙar da shi, ko dai ya bar shi ƙasa ko ya ɗaga shi gaba ɗaya. Ka saurari "nga" na ni a bakin malaminka sau ashirin, ka bi muryar da hannunka kamar mai zana tudu, za ka ji tashin.

Inda za ka sha wuya da gaske shi ne hucin iska. Mu abin da ya raba mana baƙaƙe shi ne irin bambancin k da ƙ, ko s da ts, wato maƙogwaro ke aikin. Su kuwa iska ce: ko ta biyo bayan baƙin ko ba ta biyo ba. K ɗinmu na "kaza" yana da ɗan huci, bai kai na ཁ ba, ya kuma fi na ཀ. Abin da na gani ga kaina, na kuma gani ga Hausawa biyu da na taɓa taimaka wa, shi ne idan aka ce mana "yi ka marar iska" sai mu yi ƙa, don shi ne busasshen k da muka sani. Kuskure ne, kuma ɗan Tibet zai ji shi nan take. Maƙogwaro a sake yake a ཀ. Haka ཙ: an rubuta shi "tsa" amma ba tsa ɗin "tsamiya" ba ne, t ne da s a manne ba tare da an matse maƙogwaro ba. Ka yagi 'yar takarda marar nauyi ka riƙe ta gaban leɓɓanka. A ཁ ཆ ཐ ཕ ta yi tsalle, a ཀ ཅ ཏ པ ta tsaya shiru. Minti biyar kullum na sati biyu ya fi kallon bidiyo goma.

Layin leɓɓa yana da nasa tarkon. Hausa ba ta raba p da f ba, kowa da yadda garinsu ke yi. ཕ da ake rubutawa "pha" p ne mai huci, leɓɓa a rufe ruf sannan su buɗe. Babu f a cikinsa ko kaɗan. Malamata, wata 'yar Shigatse da na yi karatu a wurinta a Katmandu, ta yi sati tana mayar da ni kan wannan sauti kaɗai, domin duk lokacin da na zo cewa "phö", wato Tibet, sai iska ta zurara tsakanin leɓɓana. Ba ta bar ni na wuce ba sai da ya fita, kuma har yau ina gode mata.

ང a farkon kalma ma baƙo ne gare mu, amma muna da shi a ɓoye. Ka ce "nan" ko "can" ka tsaya: sautin da ka ƙare da shi, bayan harshe manne da hanɗa, shi ne. Riƙe shi, ka sake shi da a. Kada g ta fito. "Nga" sauti ɗaya ne. ལྷ na Lhasa kuwa l ne da ake hurawa ba tare da ziza ba: sa harshe a wurin l, ka fitar da iska kamar za ka ce h. Akwai kuma inda ka riga ka fi kowa: ཀྱ ཁྱ གྱ su ne ky da gy na "kyau" da "gyaɗa", waɗanda ke ba Turawa wahala. Haka ƙarshen kalma irin "cik", ɗaya: k ɗin ba ya fita sosai, yawanci ɗan tsayawar maƙogwaro ne kamar wanda ke tsakiyar "a'a". Ka yi hankali kawai kada ka ƙara masa wasali ya zama "ciki", don bakinmu ba ya son rufe gaɓa da k ko p.

Mu dawo kan ginin gaɓa, wanda shi ne ainihin tambayarka. Ɗigon nan da kake gani a kafaɗar haruffa, tsheg, gaɓa yake rabawa, ba kalma ba. Sandar da ke tsaye, shad, ita ke rufe zance. Duk abin da ke tsakanin ɗigo biyu gaɓa ɗaya ce komai yawan haruffanta, kuma a cikinta akwai harafi guda da ke uban gida. Gabansa ana iya sa ɗaya daga haruffa biyar, ག ད བ མ འ. A kansa ana iya ɗora ɗaya daga uku, ར ལ ས. A ƙarƙashinsa ana iya rataya ɗaya daga huɗu, ཡ ར ལ ཝ. Bayansa ɗaya daga goma, bayan wannan kuma wani lokaci ས na biyu. Misalin da malamai ke so shi ne བསྒྲུབས, bsgrubs, ma'ana an kammala: baƙaƙe shida da wasali ɗaya, furucinsa kuwa "drup".

Aikinka na farko a kowace gaɓa shi ne gano uban gidan. Harafin da ke ɗauke da alamar wasali, ko wanda aka ɗora wa wani ko aka rataya masa wani, shi ne. Idan babu ko ɗaya, haruffa biyu ne, na farko ne. Idan uku ne yawanci na tsakiya, idan huɗu ne na biyu. Shi ya sa ake rubuta དག "dag" da haruffa biyu, amma དགའ "ga", so ko farin ciki, sai an ƙara masa འ a ƙarshe don a nuna cewa ག ne mai gidan, ད ɗan rakiya ne.

Daga nan sai ka tambayi kowane ɗan rakiya me ya yi. Na gaba da na sama ba a furta su, amma suna cire huci daga baƙaƙen rukuni na uku, suna kuma ɗaga muryar 'yan hanci. ད shi kaɗai "tha" ne da murya ƙasa, yanzu. མདའ kuwa "da" ne, kibiya. རྟ "ta" da murya sama, doki. Na ƙasa su ne masu canza baƙin kansa. ར a ƙarƙashin k ko t ko p duk yana mayar da su sauti ɗaya, wanda ake naɗe harshe baya a yi shi, kusa da "tr". Shi ya sa bkra ya zama "tra", a saurin magana har ka ji kamar "ta". Kada ka sa ɗ ɗinmu a nan, ko da yake wurin harshen ya yi kusa. ཡ a ƙarƙashin p, ph, b, m yana mayar da su c, ch, j, ny: phyag, hannu a harshen girmamawa, "chak" ake cewa. ལ a ƙasa yakan haɗiye na samansa, bla ma ya zama "lama", in ban da zl da ke zama d: zla ba, wata, "dawa". A nan ma ka ga wata ƙa'idar, བ a gaɓa ta biyu yakan koma w.

Na bayan kuma su ke taɓa wasali. ད da ས ba a furta su, ན da ལ ana iya jin su ko a ji inuwarsu, amma duka huɗun suna jawo a, o, u zuwa gaban baki su zama ä, ö, ü. Bod ya zama "phö", bdun, bakwai, ya zama "dün", brgyad, takwas, ya zama "gyä". Waɗannan wasula babu su a Hausa. Wanda ya yi makaranta a Nijar ya san biyu daga Faransanci. Kai da ba ka yi ba, ka ce "i" ka riƙe harshenka a wurin, sannan ka tsuke leɓɓa kamar mai cewa "u", ü ke nan. Ka yi haka da "e", ö ke nan.

Abin da ya fi burge ni a harshen nan, har yau, shi ne yadda matattun haruffan ke farkawa idan kalma ta haɗu da kalma. Goma "cu" ne, uku "sum", an rubuta shi gsum. Sha uku fa? "Cuksum". G ɗin da ya yi shiru ya dawo ya manne wa goma. Huɗu "shi" ne, an rubuta bzhi, sha huɗu kuwa "cupshi". Rdo "do" ne, rje "je" ne, amma sunan da ka sani Dorje ne. Idan ka tambayi abokanka su ƙirga maka daga goma zuwa ashirin kana duban rubutun, za ka ji tsohon harshen yana motsi a ƙarƙashin sabon.

Yaya za a haddace duk wannan? 'Yan Tibet sun daɗe da maganinsa, kuma kai ka san irinsa tun kana ƙarami. Suna kiransa jorlok: a karanta gaɓa da ƙarfi harafi bayan harafi, ana faɗin sunan kowanne da abin da ya haifar, har a iso ga furucin ƙarshe. Bod sai a ce "pha, naro, pho, tha, phö". Bkra: "pha-o, ka, ra-ta, tra". Bsgrubs: "pha-o, sa, ga-ta, ga, ra-ta, dra, shabkyu, dru, pha, drup, sa, drup". Naro sunan alamar wasalin o ne, shabkyu kuma na u. Da rauji ake yin sa, yara na amsawa baki ɗaya. Ranar da na fara jin sa a aji, abin da ya faɗo mini shi ne makarantar allo, muna "alu, ambaki, wau, zal", daga babbaƙu mu wuce farfaru. Har allon ma suna da shi: a makarantun gargajiya na Lhasa yaro kan fara ne a kan allon katako da ake kira jangshing, ya rubuta da alƙalamin gora, a duba, ya wanke, ya sake. Idan za ka auna ingancin jerin bidiyo, da wannan za ka auna. Malamin da ke yin jorlok a kan kowace sabuwar kalma, riƙe shi. Wanda ke nuna maka kalma da fassararta cikin haruffan boko kawai, zai bar ka a inda kake.

Haruffan bokon nan ma sai an yi hattara da su, don iri biyu ne kuma aikinsu daban. Irin su bkra shis tsarin Wylie ne, wanda Turrell Wylie ya fitar a 1959. Harafi da harafi yake kwafe rubutun, bai damu da furuci ba. Yana da amfani wurin duba ƙamus da buga rubutu a kwamfuta, kuma c ɗinsa daidai yake da c na Hausa. Irin su "tashi delek" kuwa ƙoƙarin kwatanta furuci ne, kuma kowane littafi da nasa. Ko wanda David Germano da Nicolas Tournadre suka tsara a 2003, da gangan ya bar karin sauti. Wanda ya dogara da shi zai yi magana ba hawa ba sauka, ya zubar da abin da Hausa ta ba shi kyauta. Shawarata, da zarar ka gama sati biyu na farko, rufe ƙasan allon wayarka da 'yar takarda duk inda aka sa fassarar boko.

Game da hannu, abin da ake koyarwa a bidiyo shi ne ucen, mai kai, rubutun ɗab'i. Haruffansa rataye suke daga layin sama kamar shanya, ba zaune a kan layi kamar boko ba, kuma kullum da zanen kan ake farawa, a gangaro ƙasa, daga hagu zuwa dama. A nan bidiyo ya fi littafi nesa ba kusa ba, tunda kana ganin inda alƙalami ya fara da inda ya ƙare. Ka rubuta da hannunka, kada ka tsaya ga kallo. Ka kula da masu kama da juna: ཅ ཆ ཇ da ཙ ཚ ཛ 'yar tuta ce a kafaɗar dama ta raba su, པ da བ kuwa rufin sama ne. Sai dai ka sani, idan abokinka ya rubuta maka wani abu da hannu, mai yiwuwa ba za ka gane ko harafi ɗaya ba, domin da ume zai rubuta, marar kai, wanda shi ma iri-iri ne. Bar shi sai ucen ya zauna. Haka juyayyun haruffan da ake rubuta kalmomin Sanskrit da su, ba ka da gaggawarsu. Wayarka kuwa tana iya rubutun: Gboard da iPhone duk suna da madannan Tibetanci, ka kunna yau ka fara aika wa abokanka kalma ɗaya-ɗaya.

Yadda za ka zauna da bidiyon ma yana da muhimmanci. Lasifikar waya tana cinye hucin iska, wanda shi ne abin da kake nema, don haka sa abin kunne. Rage saurin zuwa 0.75, ƙasa da haka muryar takan lalace. Ɗauki minti biyu ko uku kacal na darasin, ka saurara ido rufe, ka maimaita tare da malamin, sannan ka naɗi muryarka ka jera ta da tasa. Idan kana son ganin karin sauti da idonka, akwai manhajar Praat ta kyauta da masana furuci na Jami'ar Amsterdam suka yi, tana zana hawa da saukar murya, za ka ga ko "nga" ɗinka ya taso ko ya kwanta.

Duk da haka akwai abin da bidiyo ba zai taɓa yi maka ba, wato ya ji ka. Zai maimaita maka ཀ sau dubu ba gajiya, amma ranar da ka ce ƙa ba zai tsayar da kai ba, kuskuren kuma da ya kwana wata shida a baki cire shi aiki ne. Mutane na biyan kuɗi su sami wanda zai saurare su, ta intanet a wurare irin su Esukhia, ko su tafi Daramsala a arewacin Indiya inda Ɗakin Karatu da Adana Ayyukan Tibet ke da azuzuwan harshe, ko cibiyar Rangjung Yeshe a Katmandu. Kai kuwa masu harshen suna zaune kusa da kai a aji. Matsalar aboki ita ce kunya da kara: zai ce maka ya yi kyau don kada ranka ya ɓaci. Saboda haka kada ka tambaye shi ko ka faɗa daidai. Rubuta ཀ ཁ ག a takarda, ko "ni" da "biyar", ko "ƙasa" da "ci", ka faɗi ɗaya ba tare da ka nuna ba, shi ya nuna wanda ya ji. Idan yatsansa ya sauka inda ba ka nufa ba, ka san inda aikinka yake. Ku yi haka sau goma a zama ɗaya, ko ta saƙon murya a WhatsApp.

Idan hutu ya zo, roƙe su su kai ka Bailakupe, tafiyar ba ta da nisa daga Maisur. Tsofaffin can sun fi matasa riƙe harshen girmamawa, shesa, inda kai da hannu da tafiya da cin abinci duk suke da kalma ta daban idan babba ake nufi: go ya zama u, lakpa ya zama chak, dro ya zama phep. Ba sai ka iya shi duka ba kafin ka je. Ka riƙe "la" da ake ƙarawa bayan suna ko muƙami, kamar "gen la" ga malami, ka ce "kherang" maimakon "khyö", wato kai ko ke, ga duk wanda ba yaro ba, ka kuma iya "thukje che", na gode, idan an miƙo maka shayi. Allunan shaguna da na makarantu a can da ucen aka rubuta su, manya-manya. Ka tsaya gaban kowanne ka yi masa jorlok da ƙarfi, abokinka na gefe yana gyara maka.